Ko Kogi ne ke Haifar da Sarauta? Tarken Ra'ayin Wittfogel a kan Ma'aunin Fadamar Haɗejiya

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya ratsa ajin tarihi a makarantunmu na sakandare da kwalejojin horon malamai yakan fita da sunayen wasu koguna a ka, watau Nilu na ƙasar Masar, da Dajla da Furatu na ƙasar Iraƙi, da Indus na ƙasar Pakistan ta yau, da kuma Huwan Ho na ƙasar Sin. An koya masa cewa a bakin waɗannan koguna ne ɗan Adam ya fara gina manyan birane, ya ƙago rubutu, ya kafa dauloli. Wannan magana ba mu da ja a kanta, domin kufan biranen suna nan, an tona an gani. Inda gizo ke saƙar shi ne dalilin da ake kawowa. Akan ce wa ɗalibi kogi ne ya tilasta wa mutane su haƙa magudanan ruwa, aikin magudanai ya bukaci shugaba mai ƙarfi, shugaban nan kuwa shi ne ya zama sarki. Da yawa daga cikin masu maimaita wannan bayani ba su san yana da mai shi ba, suna ɗaukarsa tamkar gaskiyar da aka gama magana a kanta.

Manufar wannan takarda ita ce ta koma ga littafin da ya fi kowane tsayawa a kan wannan ra'ayi, watau Oriental Despotism na Karl Wittfogel wanda aka buga a 1957, ta auna shi. Ma'aunin da muka zaɓa shi ne Kogin Haɗejiya da fadamarsa, saboda kogi ne mai ambaliya kowace shekara a cikin ƙasa mai ƙarancin ruwan sama, an daɗe ana zaune a bakinsa, an kuma yi sarautu iri iri a kewayensa. Za mu fara da bayyana abin da marubucin ya faɗa, sa'an nan mu binciki shaidunsa, kana mu kawo shi gida.

2.0 Abin da Wittfogel ya faɗa

Wittfogel Bajamushe ne masanin tarihin ƙasar Sin. Ya yi gurguzu a ƙuruciyarsa, 'yan Nazi suka tsare shi a 1933, daga baya ya koma Amurka ya zama babban mai adawa da Tarayyar Sobiyet. Ma'anar sunan littafinsa ita ce mulkin kama-karya irin na ƙasashen Gabas. Jigon littafin kuwa shi ne, a ƙasar da ruwan sama bai isa noma ba amma akwai babban kogi, ba mai iya sarrafa wannan kogi sai taron jama'a masu ɗimbin yawa. Tara irin wannan jama'a, da ciyar da su, da raba musu aiki, da lissafin lokacin zuwan ruwa, duk suna bukatar ma'aikata da magatakarda da masu duban taurari. Waɗanda suka riƙe wannan aiki sukan wayi gari sun riƙe rayuwar kowa a hannunsu, tun da wanda aka hana wa ruwa an hana masa abinci. Daga nan sai a sami gwamnatin da ta fi ƙarfin al'ummarta, ba attajiri ko malami ko mai gari da zai iya ɗaga mata murya.

Adalci ne mu faɗi abubuwa biyu da ke cikin littafin waɗanda masu taƙaita shi kan tsallake. Na farko, marubucin ya bambanta ƙaramin ban-ruwa, wanda gida ɗaya ko ƙauye ɗaya ke iya yi, da babban ban-ruwa mai bukatar hukuma, ya kuma ce na biyun ne kaɗai ke haifar da kama-karya. Na biyu, ya lura da wani abu na gaskiya, watau cewa wanda ya mallaki bakin ruwa yana da iko a kan na ƙasa da shi. Za mu ga amfanin wannan lura a gaba.

Kafin Wittfogel, Gordon Childe ya riga ya jera alamomi goma na wayewar birni a wata maƙala ta 1950, cikinsu har da rubutu da manyan gine-gine da rarar abinci da ake tarawa a hannun sarki ko haikali. Littattafan makaranta sun haɗa jerin Childe da dalilin Wittfogel suka mai da su darasi guda. Illar wannan haɗi ita ce, an samo alamomin daga Iraƙi da Masar, sa'an nan aka mai da su mudun awon kowace al'umma ta duniya.

3.0 Shaidun littafin

Ra'ayi irin wannan yana tsayawa ne ko ya faɗi a kan tambaya guda: wanne ya riga wani, babbar magudana ko sarki? In magudana ce ta haifi sarauta, tilas a same ta a ƙasa kafin fada.

A Iraƙi, Robert McCormick Adams ya shafe shekaru yana bin sawun tsofaffin garuruwa da hanyoyin ruwa, ya fitar da sakamakon a littattafansa na 1965 da 1981. Abin da ya samu shi ne, sa'ad da birnin Uruk ya bunƙasa har ya kai faɗin kadada wajen 250, wajen shekara ta 3100 kafin Miladiyya, lokacin da aka fara rubutu a kan allunan yumɓu, ban-ruwan ƙasar gajerun magudanai ne da jama'ar kowane yanki ke haƙa wa kansu. Manyan magudanai masu haɗa larduna sun zo ne bayan dauloli sun kafu sun yi ƙarfi. Ko a dokokin Hammurabi na wajen 1750 kafin Miladiyya, manomin da ya yi sakaci da gyaran madatsin gonarsa har ruwa ya ɓalle ya ci gonar maƙwabci, shi ake ɗora wa biya. Wannan yana nuna cewa kula da madatsi na kan mai gona.

A Masar, Karl Butzer ya nuna a 1976 cewa Nilu da kansa yake shayar da ƙasa. Yakan cika ya malala cikin kwaruruka a watannin Agusta da Satumba, in ya janye a yi shuka a kan laka. Tare ruwa a kwari da sakinsa aikin mutanen lardi ne. Akwai dai wani kan gulma na dutse mai hoton wani sarki riƙe da fartanya a bakin ruwa, wanda magoya bayan Wittfogel kan kafa hujja da shi, amma hoton biki guda bai isa ya tabbatar da ma'aikatar ruwa ta ƙasa baki ɗaya ba. Abin da zai fi ba mu sha'awa mu Hausawa shi ne jigo. Wannan na'ura da muka sani a lambunanmu ba ta bayyana a zane-zanen Masar ba sai wajen ƙarni na 14 kafin Miladiyya, fiye da shekara dubu bayan an gina manyan dalolin Giza. Ke nan Fir'aunonin da suka tara dubban leburori suka ɗora dutse a kan dutse ba da ban-ruwan rani suka sami ikonsu ba.

A kwarin Indus, biranen Harappa da Mohenjo-daro sun yi tashe tsakanin 2600 da 1900 kafin Miladiyya, da tituna miƙaƙƙu da rijiyoyi da magudanan ƙazanta, amma masu tono ba su ci karo da wani gini da aka tabbatar fadar sarki ce ba, balle kabarin sarauta irin na Masar. A ƙasar Sin kuwa, wadda ita ce fagen Wittfogel, daular Shang mai rubutu a kan ƙasusuwa ta dogara ne a kan hatsi dangin gero da ruwan sama ke shayarwa. Shahararrun ayyukan ban-ruwa na ƙasar, irin su Dujiangyan, na ƙarni na 3 ne kafin Miladiyya, kusan shekara dubu bayan Shang ta zauna a Anyang.

Ashe dai a Iraƙi da Masar da Sin sarki ne ya riga babbar magudana. Littafin ya ɗauki abin da daula ta yi bayan ta ƙasaita ya mai da shi sanadin haihuwarta.

4.0 Kogin Haɗejiya da nomansa

Kogin Haɗejiya ya samo asali ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Calawa a kudu da birnin Kano. Yana bi ta Wudil da Ringim ya iso Haɗejiya. A farkon tafiyarsa yana gudu ne a kan ƙasa mai dutse a ƙarƙashi, amma da ya shigo ƙasar yashi ta kwarin Cadi sai ya tarar da tsofaffin jigayi a jere, waɗanda iska ta tara a zamanin da hamada ta taɓa matsowa kudu. A nan sai gudunsa ya ragu, ya rarrabu tsakanin jigayi, reshe ya bi ta Kafin Hausa, wani ya bi Marma zuwa tabkin Nguru, wani ya bi Burum Gana. Abin da ya tsira daga zafin rana da shan yashi shi ke haɗuwa da Kogin Jama'are a wajen Gashuwa, su zama Kogin Yobe mai faɗawa Tabkin Cadi.

Wannan yanayi ya fi kama da na Nilu fiye da na Furatu. Furatu yana cika ne a bazara, daidai lokacin da alkama da sha'ir ke jiran girbi, don haka manomin can yana bukatar ya kare gona daga ruwa a wani lokaci, ya kuma jawo shi a wani lokaci. Namu kogin yana cika ne a tsakiyar damina zuwa ƙarshenta, ya malala a hankali, ya janye a hankali. Saboda haka fili guda yakan ciyar da mutum uku ko huɗu a shekara. Manomi ya shuka shinkafa da ruwan farko, ta riƙa tsawo tana bin ambaliya har a girbe ta da kaka. Masunci ya bi kifin da ya hayayyafa a cikin ciyawar da ruwa ya rufe, da koma da gora da taru. In ruwa ya janye a shuka wake da sauran amfanin raɓa a kan danshi, masu lambu kuma su kafa jigo a bakin ƙorama don albasa da tattasai da alkama. Da rani ya tsananta sai Fulani su gangaro da shanu su ci ɗanyar ciyawa su bar taki. A tudu kuwa ga gero da dawa da ruwan sama ke shayarwa, ga goruba da kabarta, ga kanwa a wasu wurare.

Wannan tsari yana da dokoki masu tsauri. Akwai ranar da ake buɗe su a tabki da ranar da ba a taɓa shi, akwai burtali da mashaya, akwai lokacin da shanu za su shiga gona bayan an kwashe amfani. Masu tsare waɗannan dokoki su ne Sarkin Ruwa da Bulama da mai gari da Arɗo, kowanne a iyakar garinsa ko rugarsa. Ba a taɓa bukatar ma'aikatar da za ta zauna a birni ta raba wa ƙauyuka ruwa ba, domin ruwan shi ke kai kansa.

Mai kare Wittfogel zai ce ai wannan shi ne ƙaramin ban-ruwan da marubucin ya keɓe, don haka Haɗejiya ba ta rushe masa komai ba. Mun karɓi rabin maganar. To, amma mun riga mun ga cewa Masar ta farko da Uruk su ma a kan irin wannan ƙaramin ban-ruwa suka tashi. In an keɓe Haɗejiya saboda wannan dalili, tilas a keɓe su tare da ita, sai littafin ya rasa manyan shaidunsa. In kuwa an bar su a ciki, sai a bayyana mana abin da ya sa kogi iri ɗaya ya ba Masar Fir'auna guda, ya ba ƙasar Haɗejiya ƙananan sarakuna barkatai.

5.0 Sarauta a ƙasar Haɗejiya

Tarihin baka ya nuna cewa kafin jihadi ƙasar nan tana rarrabe ne tsakanin ƙananan sarautu bakwai: Auyo da Garun Gabas da Haɗejiya da Gatarwa da Kazura da Fagi da Dawa. Garun Gabas ita ce ake danganta wa Biram, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai a labarin Bayajida. Auyo kuwa tana da harshenta, Auyakanci, ɗan'uwan harsunan Shira da Tashena da na Badawa da Gizimawa, wanda Hausa ta haɗiye shi ya ɓace. Waɗannan sarautu suna kai gaisuwa Barno ta hannun Galadima mai zama a Nguru. Garin Haɗejiya kansa, in ji masu ba da labari, ya sami suna daga wani maharbi Haɗe da matarsa Jiya. Abin lura a nan shi ne, labaran kafuwar garuruwan nan na maharba ne da baƙi da 'ya'yan sarakuna masu neman wurin zama. Gwarzon da ake tunawa da shi mai baka ne ko mai doki.

Me ya hana ɗaya daga cikin bakwai ɗin nan ta haɗiye saura tun da wuri? A ganinmu amsar tana cikin abin da Robert Carneiro ya kawo a 1970, cewa daula takan kafu ne inda ƙasar noma take a tsuke, wanda aka ci da yaƙi ba shi da wurin gudu. Bamisire in ya bar bakin Nilu ya yi tafiyar yini guda sai hamada, don haka dole ya zauna ya biya haraji. Mutumin ƙasar Haɗejiya yana samun ruwan sama na kimanin milimita 600 a shekara, wanda ya isa gero. In sarki ya matsa masa sai ya ɗaure kayansa ya hau tudu ya sari daji, ko ya nutsa cikin fadama inda doki ba ya iya binsa. Bugu da ƙari, kogin da ke sauya hanya tsakanin jigayi ba shi da maƙogwaro guda da wani zai shaƙe. Sarkin wannan ƙasa bai iya mallakar mutane ta hanyar ruwa ba, sai dai ya jawo su da kariyar ganuwa da kasuwa da sauƙin haraji, ko ya kamo su da yaƙi.

Abin da ya haɗe ƙasar daga baya ya zo ne daga wata fuska dabam. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne ya ba Umaru da ƙanensa Sambo tuta, Sambo ya ci sarautun nan ya zauna a Haɗejiya, ya yi mulki daga wajen 1808 zuwa 1845. Ɗansa Buhari, wanda ya bijire wa Sakkwato, da dawakai ya gagari maƙwabtansa, ya kuma gamu da ajalinsa a 1863 a yaƙin Gogaram, birnin da Badawa suka yi wa ganuwa a cikin fadama. Ko a ranar 25 ga Afrilu 1906, da Turawa suka afka wa Haɗejiya, Sarki Muhammadu ya yi shahada ne yana kare ganuwa da addini. Babban aikin gayya da sarautar nan ta sa talakawa shi ne ginin ganuwa da yasar gwalalonta.

In mun ɗaga ido zuwa ƙarshen kogin nan za mu ga Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarshen ƙarni na 15, ya zama cibiyar Barno har aka ci shi a 1808. Ga babbar daula a bakin kogi a cikin busasshiyar ƙasa, duk sharuɗɗan Wittfogel sun cika, amma ƙarfinta ya dogara ne a kan fataucin hamada ta hanyar Bilma da Fezzan, da mahaya, da gaisuwar ƙasashen da ke ƙarƙashinta. In kuma mun duba farkon kogin za mu ga Kano, wadda ta fi kowane gari na yankin girma, ta kuwa tashi ne a gindin Dala inda aka sami shaidar narkar da tama tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Abdullahi Smith ya riga ya nuna a 1970 cewa biranen Hausa sun taso ne inda ƙarfe da ƙasar noma da wurin tsafi da hanyar fatake suka haɗu. J.E.G. Sutton kuma a 1979 ya kawo hujjar cewa daga gabashin ƙasar Hausa, watau tsakanin Haɗejiya da Daura da Kano, harshen da al'adar suka bazu zuwa yamma. In haka ne, fadamar nan tana cikin wuraren da Hausa ta yi wayo, ba tare da ta haifi Fir'auna ba.

6.0 Shaidar da ke ƙarƙashin ƙasa

Masu iya magana sun ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. A 1987 wani makiyayi yana haƙa rijiya a Dufuna, kusa da Komadugu Gana a Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da kwalekwale a zurfin mita 5. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt suka fito da shi a 1994. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa kuwa wajen 8,000, shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka samu a Afirka. Mutanen wannan kwari suna sassaƙa jirgi mai kyawun ƙira shekaru dubbai kafin a aza tubalin farko na dalar Giza.

A Daima, kudu da Tabkin Cadi, Graham Connah ya tona tudun da zaman mutane na ƙarnoni ya tara, a tsakiyar shekarun 1960. A Zilum, arewa da Maiduguri, an gano gari mai faɗin kadada wajen 12 kewaye da gwalalo, na tsakiyar dubun farko kafin Miladiyya. A ƙasar Mali, Roderick da Susan McIntosh sun fara tona Jenne-jeno a 1977, a fadamar Kogin Kwara, suka tarar an zauna wurin tun wajen 250 kafin Miladiyya, ana noman shinkafar Afirka, har garin ya kai kadada 33 da ganuwa, da unguwannin maƙera da magina tukwane da masunta a kewaye, ba tare da alamar fada ba. Wannan shi ne mafi kusa da abin da muka bayyana a Haɗejiya, watau jama'u masu sana'a dabam-dabam suna cin fadama guda bisa yarjejeniya. Mudun Childe ba shi da wurin zuba irin wannan wayewa, mu kuwa bai kamata mu zubar da ita don mudu ya ƙi ɗauka ba.

7.0 Ranar da hukuma ta riƙe ruwa

Yanzu sai mu koma ga lurar nan ta Wittfogel da muka ce gaskiya ce. Irin ikon da ya siffanta ya iso Kogin Haɗejiya, amma a ƙarni na 20. An gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano a 1974, aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are a 1976, aka gama madatsar Calawa a 1992, aka kuma datse kogin kusa da Auyo don aikin noman rani na kwarin Haɗejiya. A nan ma gwamnati ce ta riga madatsa, kuɗin man fetur ne kuma ya gina ta. Daga wannan lokaci ne mutumin Guri ko Kirikasamma ya fara jiran hukuncin ma'aikacin da ke zaune nesa da shi kafin ya san yadda ruwan bana zai kasance.

Sakamakon sananne ne. Ambaliyar da ta rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a 1969 da 1974 ta koma ƙasa da 1,000 a farkon shekarun 1990, ko da yake farin shekarun 1970 da 1980 yana da nasa kaso a wannan ragi. Sakin ruwa da rani ya hana hanyoyin kogi bushewa kamar da, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe su, ruwa ya riƙa kwanciya a gonakin da ba a son sa, ya ƙi isa inda ake jiransa. Filin kiwo da ya ragu ya ƙara zafin rigimar manoma da makiyaya. Binciken da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa in aka lissafa noma da su da itacen wuta, amfanin da fadama ke bayarwa a kan kowane ma'aunin ruwa ya ninka na aikin ban-ruwan Kogin Kano sau da yawa. An sa yankin Nguru da Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, aka sa Baturiya a 2008, amma rajista ba ta buɗe hanyar ruwa. Ambaliyar 2022 da ta ci gidaje da gonaki a masarautar Haɗejiya ta nuna cewa madatsa ba ta kawar da barna ba.

Ba muna cewa madatsun nan ba su da amfani ba ne. Birnin Kano yana shan ruwansu, manoman Kura da Kadawa suna noman shinkafa da tumatir da su. Abin da muke ja a kai shi ne tunanin da ke ɗaukar kankare a matsayin ci gaba, ya ɗauki noman fadama a matsayin jiran tsammani. Wanda aka koya wa tun yana aji ɗaya cewa wayewa ta fara ne ranar da hukuma ta kama kogi, in ya girma ya zama injiniya ko kwamishina, ba zai ga asarar da ke cikin busar da fadama ba. Wannan tunani zai sake tasowa duk lokacin da aka ɗauko maganar madatsar Kafin Zaki a kan Kogin Jama'are, wanda shi ne ya rage yana kawo wa fadamar ambaliya irin ta da. Iraƙi ma tana da darasi a nan, domin Jacobsen da Adams sun kawo hujja a 1958 cewa yawan ban-ruwa ya tara gishiri a gonakin kudancin ƙasar har manoma suka riƙa barin alkama suna komawa sha'ir mai jure gishiri.

8.0 Kammalawa

Mun ga cewa littafin Wittfogel ya juya tsarin aukuwar abubuwa, ya sa magudana gaban sarki alhali sarki ne ya riga ta. Mun ga kuma cewa littafi ne na zamanin yaƙin cacar baka, wanda marubucinsa ke neman asalin mulkin Stalin a cikin tsohon tarihin Gabas, wannan niyya kuwa ta rinjayi yadda ya zaɓi shaidu. Abin da kogi ke bayarwa shi ne abinci mai yawa da hanyar sufuri da taruwar jama'a. Abin da jama'a za su gina a kan wannan ya danganta ga ko suna da wurin gudu, da abin da suke saye da sayarwa, da makaman da ke hannunsu, da abin da suka yi imani da shi. Fadamar Haɗejiya ta nuna cewa ana iya zama a bakin kogi shekaru aru-aru bisa yarjejeniya tsakanin manomi da masunci da makiyayi.

Saboda haka muna ba da shawarwari uku. Na farko, masu tsara manhajar tarihi su riƙa gabatar da ra'ayin ban-ruwa da sunan mai shi da shekararsa da sukar da aka yi masa, su kuma sa Dufuna da Daima da Jenne-jeno kusa da Uruk da Harappa. Na biyu, sassan tarihi na jami'o'i da kwalejojinmu su haɗa kai da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a yi wa kufan Garun Gabas da Auyo irin tonon da aka yi wa Daima, kafin garma da masu ɗibar ƙasa su gama da su. Na uku, ɗalibanmu masu rubuta kundin kammala karatu su je wurin Sarakunan Ruwa da Bulamai da Arɗaɗe su rubuta dokokin su da na burtali da na rabon fadama daga bakin dattawan da suka san kogin kafin 1974, domin waɗannan dattawa suna ƙarewa. Allah ya sa mu dace.